Wani Ya Kawo Jini!

Har yanzu ban dawo daidai ba. Na tafi wani horo da sabon littafin rubutu, ina zaton za a cika mana kai da sunayen sababbin magunguna da lissafin ma'auni, irin abin da muka saba duk lokacin da aka tara ma'aikatan allurar barci a ɗaki ɗaya. Na dawo da littafin kusan fari fat. Magana aka koya mana. Magana fa! Yadda ake buɗe baki a ɗakin tiyata sa'ad da rai ke neman fita: wa zai yi ta, wa za a yi wa, da yadda za a tabbatar ta shiga kunne. Shekara da shekaru ina tsaye a kan marasa lafiya, in sa su barci in tashe su, ba wanda ya taɓa ce mini wannan ma fanni ne mai malamansa da littattafansa da bincikensa.

Bari in fara da matar roba.

Mutum-mutumi ce mai ciki, an kwantar da ita a gadon tiyata, ƙirjinta na hawa yana sauka. An maƙala mata na'urar yatsa mai auna oksijin, allo na nuna bugun zuciya, malami yana bayan labule da kwamfuta yana juya lambobi yadda ya ga dama. Labarin da aka ba mu duk mun san irinsa: an yi mata allurar baya, an ciro jariri lafiya, mahaifa ta ƙi tsukewa, jini ya ɓalle. Aka zaɓi mutum shida su shiga, mu sauran muna kallo. Wanda zai ja ragama likita ne da kowa ya san shi da iya hannu. Awon jini ya faɗo daga 120 zuwa 70, zuciya ta kama gudu. Na san roba ce, wallahi na sani, amma sai da tafin hannuna ya jiƙe. Likita ya ɗaga murya: "Wani ya kawo jini! A ba ta tiranekzamik! A ƙara kanula!" Ɗaki ya kaure, kowa na gudu, kowa na aiki, ba mai zaman banza. Da a lokacin za ka tambaye ni, cewa zan yi sun yi ƙoƙari.

Sai aka maimaita mana hoton bidiyon. A nan muka saki baki. Mutum biyu sun ruga durowa ɗaya neman magani ɗaya. Wanda ya riga ya zuƙa a sirinji, ya ajiye a faranti yana jiran wani ya yi allurar. Likita kuwa ya ɗauka tuni ta shiga jijiya. Jini fa? Ba wanda ya taka ƙofar. Bayan minti huɗu likita ya waiwayo ya ce, "Ina jinin?" Mutum biyar suka kalli juna. Malamar da ke koyar da mu ta tsayar da hoton daidai nan, ta juyo a hankali ta ce, "A cikinku waye sunansa Wani?"

Aka sake daga farko, mutanen nan dai, matsalar nan dai. Wannan karon likita ya kira sunan nas ɗin, ya jira har ta ɗago suka haɗa ido: "Ki je ɗakin gwaji ki karɓo jini leda biyu, ki dawo ki gaya mini." Ta ce, "Jini leda biyu, na tafi." Ya kira wani: "Tiranekzamik giram ɗaya ta jijiya, a hankali cikin minti goma." Ya amsa, "Giram ɗaya ta jijiya cikin minti goma." Can ya ce, "Giram ɗaya ta shiga." Ɗakin ya fi na farko shiru nesa ba kusa ba, aikin kuma ya fi sauri. Duk uwar da ta taɓa aiken yaro kasuwa ta san wannan dabarar: ba ta sakinsa sai ta ce, "Me na ce ka sayo? Maimaita in ji," in ya dawo kuma sai ya nuna kaya da canji. Abin da uwa ke yi a kan daddawa da gishiri, mu ba ma yin sa a kan adirenalin, maganin da rabin miligiram a tsoka da miligiram guda a jijiya na marasa lafiya biyu ne daban, wanda in an musanya sai a kashe wanda ake son ceta.

Da yamma aka kunna mana wani ɗan fim da ya hana ni cin abincin dare.

Ingila, 29 ga Maris, 2005. Elaine Bromiley, shekararta 37, 'ya'yanta biyu ƙanana, lafiyarta ƙalau in ban da matsalar hanci da za a yi wa ƙaramin aiki. An sa ta barci. Likita ya yi ƙoƙarin tura mata iska, iska ta ƙi shiga. Cikin minti huɗu oksijin ɗin jininta ya faɗo zuwa kashi 40 cikin ɗari. Na mai lafiya daga 95 yake zuwa sama. Duk wanda ya yi aikinmu ya san muryar na'urar yatsa: oksijin na raguwa, ƙararta na yin ƙasa tana kauri. Ni ko a fim na ji ta sai cikina ya juya. Aka nemi taimako, taimako kuma ya zo: wani babban likitan allurar barci, ga kuma likitan kunne da hanci da maƙogwaro wanda ya haura shekara 30 yana aiki. Manya uku a kan mace ɗaya, a asibitin da ba a rasa komai ba.

Maganin wannan hali a rubuce yake, ɗalibi ma ya san shi. In bututu ya ƙi shiga ta baki, iska kuma ta ƙi shiga ta kowace hanya, sai a huda gaban wuya a ba da iska ta nan. Su kuwa suka duƙufa kan zura bututu ta baki. A gwada, a sake gwadawa, wannan ya karɓa, wancan ya karɓa. Wata nas ta fita ba wanda ya aike ta, ta ɗauko kayan huda wuya, ta shigo ta sanar cewa ga su. Ba wanda ya tanka. Wata ta buga waya ta kama gado a ɗakin gobe-da-nisa, ta zo ta faɗa. Kallon da aka yi mata ya sa ta ji kamar ta yi azarɓaɓi, ta koma ta soke. Kimanin minti 20 oksijin ɗin Elaine yana kashi 40 ko ƙasa da haka. Ƙwaƙwalwa kuwa 'yan mintuna kaɗan take jure rashin iska. Ba ta farka ba. Bayan kwana 13 ta rasu.

Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. A sana'arsu in jirgi ya faɗi ba a rufe maganar, sai an tono yadda aka yi. Ya nace sai an yi bincike, aka ɗora wa Farfesa Michael Harmer, shi kuma Martin ya fitar da rahoton duniya ta karanta. Bai nemi a kori kowa ba. A 2007 ya kafa ƙungiyar Clinical Human Factors Group don a koya wa ma'aikatan lafiya abin da matuƙa suka daɗe da koyo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya bayyana daga baya: nas-nas ɗin sun san abin da ya kamata a yi, hanyar faɗarsa ce ba su samu ba. Amsar na cikin ɗakin, a faranti, taku biyu daga wuyan matar.

Da aka kunna fitila ba wanda ya motsa. Wata dattijuwar nas da ke kusa da ni, wadda ta kusa ritaya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Wallahi na san ɗakin nan. Na sha tsayawa a cikinsa."

Ashe daga sama wannan horon ya sauko mana. A Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin ɗayan babba ne ƙwarai, injiniyansa ya yi tambaya ko ɗayan jirgin ya bar hanya, aka amsa masa da gadara, aka wuce. A Disamba 1978 wani jirgin United Airlines ya yi ta shawagi kusan awa guda a kan birnin Portland na Amurka, kyaftin ya tattara hankalinsa kan matsalar tayoyin sauka, na ƙasa da shi suna ambaton mai a kaikaice, har mai ya ƙare, mutum 10 suka mutu. Daga nan kamfanonin jirage suka fara horar da matuƙa kan yadda ake magana da saurare a ɗakin tuƙi. A shekarar 1978 ɗin dai, Jeffrey Cooper da abokan aikinsa a Boston suka bi diddigin kurakurai 359 na allurar barci, suka tarar kashi 82 cikin ɗari daga ɗan Adam ne, ba daga na'ura ba. David Gaba na Jami'ar Stanford, likitan allurar barci wanda shi ma yana tuƙa ƙaramin jirgi, shi ya haɗa biyun: a 1990 ya fara tara likitoci a kan mutum-mutumi yana jefa su cikin rikici yana ɗaukar su a bidiyo. Matar robarmu jikanyar wannan aikin ce.

To me ke sa gwani ya makance? Na ɗauka girman kai ne. Malamar ta ce a'a, ƙwaƙwalwa ce haka Allah Ya yi ta: in ta kafe a kan abu ɗaya sai ta toshe sauran ƙofofi, har da ta lokaci. Ta ba mu labarin wani gwaji na 2013. An ba ƙwararrun masu karanta hoton huhu 24 hotuna su nemo ƙananan ƙulluttai, aka saka hoton goggon biri a cikin ɗaya, wanda ya ninka ƙullutun sau 48 a girma. Mutum 20 ba su gan shi ba. Goggon biri! Na'urar bin ido ta nuna da yawansu sun kalli wurin sarai. Saboda haka wanda hannunsa ke cikin bakin mara lafiya ba zai iya riƙe ragamar ɗakin ba, komai iliminsa. Shugaba ya cire hannu, ya ja da baya zuwa ƙafar gado, ya ga allo, ya ga agogo, ya ga mutane. Shi ya sa ma ƙa'idar da ƙungiyar masana toshewar hanyar numfashi ta Birtaniya ta fitar a 2015 ta yanke adadi: gwaji uku na zura bututu, sai ɗaya ƙari in wanda ya fi ka ya iso, daga nan ka faɗa da babbar murya cewa ya gagara, a koma mataki na gaba.

Nan na ɗaga hannu. Na ce, "Malama, a asibitinmu ƙarfe biyun dare ni kaɗai ce a kan mara lafiya. In na cire hannu wa zai sa nasa?" Ta ce, "Sista, wa ke ɗakin?" Na lissafa: likita mai yanka, nas mai miƙa masa kaya, ungozoma, ɗalibi in an yi sa'a, sai mai shara a bakin ƙofa. Ta ce, "Ɗalibi zai iya matsa jakar iska. In ma hannunki ba zai ciru ba, ba wa wani idonki. Ki ce wa ungozoma ta riƙe agogo, duk minti biyu ta faɗi lokaci da lambar oksijin da ƙarfi, ko kin tambaya ko ba ki tambaya ba." Ta ƙara mana da wata dabara da likitan Jamus Marcus Rall da abokansa suka rubuta a 2008: in abu ya rikice, a tsaya daƙiƙa goma domin a tsara minti goma masu zuwa. Kowa ya ɗaga kai. Mene ne matsalar? Me muka yi? Me ya rage? Akwai mai wani tunani? Da na fara ji sai na ce a raina, jini na zuba a ce a tsaya? Da muka gwada, a cikin daƙiƙa goman nan ne ɗalibi ya ce ledar ruwan ta ƙare tun ɗazu.

Wurin da ya fi ba mu wuya, wanda aka yi ta dariya kuma dariyar ba ta daɗi ba ce, shi ne yi wa na gaba magana. An koya mana hawa-hawa. Ka fara da tambaya: "Yallaɓai, ka ga oksijin ya sauka zuwa 80?" In bai ji ba: "Yallaɓai, hankalina bai kwanta ba, minti uku ke nan yana ƙasa da 80." In ya ci gaba: "Yallaɓai, ka dakata. Karo na uku ke nan bututun bai shiga ba, mu koma wa takunkumin iska." Na ƙarshe ba yallaɓai a ciki: "A tsaya! Matar nan za ta mutu. Ga kayan huda wuya, na kira Cif." Aka haɗa mu biyu-biyu mu gwada a kan juna. Wata ƙanwata a aiki ta kai mataki na uku sai ga shi tana cewa, "Don Allah Yallaɓai ka yi haƙuri, ba wai na fi ka sani ba ne, kuma ba raini ba ne, sai dai ina ganin kamar da za a..." Malama na riƙe da agogo. Rabin minti ya tafi ba a kai ga maganar ba.

Nas-nas ɗin Elaine a Ingila suke, ba su san kunyar Bahaushe ba, amma bakinsu ya mutu. Ina ga mu, da aka raina a kan yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya katse shi, mace ba ta ɗaga murya a gaban maza? Tarbiyya ce mai kyau, ba na son 'ya'yana su rasa ta. Sai dai ni a ganina zalunci ne a ɗora wa ƙarami duka nauyin. Ɗalibar da takardar kammala horonta ke hannun wannan likitan, a ce ita za ta ce masa ya dakata? Babba ne zai buɗe ƙofar, tun kafin a ɗauki wuƙa. Wani dattijon likita da ke cikin masu koyar da mu ya nuna yadda yake yi: ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, har mai shara, ya ce, "Yau in wani ya ga abin da bai gane ba, ya faɗa, ko da yana zaton na gani. Wanda ya gani ya yi shiru, shi ne ya ɓata mini." Daga nan yin magana ta zama biyayya. Kuma in an yi masa maganar, ko ba daidai ba ce, ya ce na gode, don a kan yadda aka karɓi ta yau ne za a yi ta gobe ko a haɗiye.

Masu tsawa da jifa da almakashi kuwa, waɗanda muke cewa ai haka halinsu yake amma akwai iya aiki, su ma an auna su. A wani bincike da aka wallafa a 2019, an sa likitoci masu koyon allurar barci a Amurka cikin atisayen zubar jini. Wasu aka haɗa su da likitan tiyata mai ladabi, wasu da mai baƙar magana, duk 'yan wasa ne. Na wajen mai ladabi kashi 91 cikin ɗari sun yi aikin yadda ake so. Na wajen mai baƙar magana kashi 64 kacal. Abin tsoron shi ne da aka tambaye su, na rukuni na biyu ba su ji cewa aikinsu ya ragu ba. Ashe tsawar da ake yi wai don a farkar da mu, mara lafiya ne ke biyan kuɗinta.

Sai batun suna. Takardar duba tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 tana manne a bangon ɗakinmu har ta yi ja. A cikin abubuwa 19 da ke kanta akwai cewa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka, wurin da muke tsallakewa saboda muna jin kamar wasan yara ne. Da aka gwada takardar a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Wani likitan allurar barci a Ostareliya, Rob Hackett, rubuta sunansa da aikinsa ya yi ɓaro-ɓaro a goshin hularsa. Aka yi masa dariya, sannan aka kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa. Mu da ba ma iya kiran sunan babba gatsau, kowa ya rufe fuska sai ido, in ka ce "Sista" mata uku su waiwayo, mun fi kowa buƙatar wannan hular.

Ko kiran waya sai da aka sa muka yi atisayensa. Ka tashi babban likita daga barci, ka yi sallama, sai ka wuce ina gajiya da ya iyali, ka tafi kai tsaye: ni ce wance daga ɗakin tiyata, ga abin da ke faruwa, ga tarihinta a taƙaice, ga abin da nake zato, ina so ka zo yanzu. Jimla ta ƙarshen ce muke yawan haɗiyewa, mu bar shi ya canka da kansa. Haka nan miƙa mara lafiya ga ɗakin kwanciya. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya da Nijar, aka wallafa a 2018, ya nuna masu tiyata a nahiyar nan sun ninka matsakaicin duniya wajen mutuwa, alhali sun fi ƙuruciya, kuma kashi 94 cikin ɗari na mace-macen bayan ranar aikin suka faru. Wato a kan gado, a hannun nas ɗaya mai kula da ɗaki guda cike, wadda sau da yawa abin da aka gaya mata bai wuce "ga ta nan, an gama lafiya" ba.

Bayan kowane atisaye zama ake yi a warware: me ya faru, me ka gani a lokacin, me ya hana ka faɗa. Ba a tambayar laifin wa. Mu in an rasa mara lafiya sai mu ce kwana ya ƙare, kuma gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ban ga inda yarda da ƙaddara ta hana mu zama minti goma mu tambayi wa aka aika ɗaukar jini ba.

Ina dawowa na sayi alƙalamin maka, muka rubuta sunaye a hulunanmu. Babban likitanmu ya dubi tawa ya ce, "Sista, an mayar da mu 'yan firamare ke nan?" Washegari sai ga shi da tasa a rubuce, har da aikinsa a ƙasa. Ba mu da matar roba, filo muke kwantarwa mu ɗaura masa zani, wani ya riƙe waya yana karanto lambobi. Ranar Alhamis bayan an gama aikin ranar za mu gwada ɗaukewar wuta ana tsakiyar ciro jariri, kuma tun yanzu gardama ta kaure a kan wa zai riƙe tocila, wa zai ruga wurin mai janareto. Mai shararmu ya ce shi ya fi kowa sanin inda mai janareton ke kwana, don haka a rubuta masa tasa hular.